Man gwaiduwar ƙwai: da gaske yana kwantar da kumburi?

Maman Aisha:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga likitoci da masana maganin gargajiya da ke wannan zaure, amma bari in fara da abin da na gani da idona domin a gane inda na dosa. Kimanin wata biyu da suka wuce bayan hannuwana ya bushe ya tsattsage saboda yawan wanki da garin sabulu, gaɓoɓin yatsuna suka yi ja suka tasa, har ta kai idan na dunƙule hannu sai fatar ta dare ta yi jini. Wata ƙawata ta ba ni shawarar in gwada man gwaiduwar ƙwai, ta kuma koya mini yadda ake fitar da shi. Na dafa ƙwai goma suka dahu sosai, na ɓare na cire gwaiduwar kaɗai, na marmashe ta a busasshen kasko ba tare da na ɗiga mai ba, sannan na ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ina juyawa. Da farko ta zama kamar gari, daga nan ta yi ja, ta koma ruwan ƙasa, can sai ta fara baƙi tana fitar da hayaƙi mai ƙauri har sai da na buɗe tagogi. A lokacin ne man ya fara tsattsafowa, na danne da bayan cokali na tace da ƙyalle mai tsabta, kuma abin da na samu bai wuce cokali uku ba. Na riƙa shafawa kowane dare, cikin mako biyu jan ya tafi, kumburin ya sace, tsagar ta haɗe. Tambayata ita ce, shin akwai wani abu a cikin man nan da ke kwantar da kumburi, ko kuwa dacewa kawai na yi? Ina tambaya ne saboda ina tunanin shafa wa 'yata mai wata bakwai, wadda kumatunta da bayan gwiwoyinta ke bushewa suna ja tana ta susa.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Maman Aisha. Ba dacewa kika yi ba, magani kika yi amfani da shi wanda al'ummomi da dama suka sani tun kafin a san asibiti irin na yau. A ƙasar Sin an daɗe ana soya gwaiduwa a fitar da mai kamar yadda kika yi, ana shafa shi a ƙuna da gyambo da tsagewar kan nonon mai shayarwa, kuma Li Shizhen ya ambaci man a babban littafinsa na magunguna wanda aka buga a 1596. Masu maganin gargajiyar da ake kira Yunani a Indiya da Pakistan suna kiransa raugan baiza, suna amfani da shi musamman wajen gashi da fatar kai. A Iran ma sananne ne, a Japan kuwa har a ɗure a ƙwanso ake sayar da shi ana haɗiya. Turawa su ma ba a bar su a baya ba, domin yana cikin tsofaffin littattafansu na harhaɗa magunguna da sunan oleum ovorum. Ni a ganina, idan mutanen da ke nesa da juna haka suka haɗu a kan abu guda tsawon ɗaruruwan shekaru, ba a yi masa adalci ba idan aka kira shi camfi.

Dakta Rabi:
Malam Habibu, Allah ya ƙara sani, tarihin da ka kawo gaskiya ne kuma ba ni da ja a kansa. Sai dai kafin mu yi nisa ina so in roƙi Maman Aisha kada ta shafa wa jaririyar tukuna, zan kuma faɗi dalili. Abu na farko, ya kamata mu daidaita a kan abin da muke nufi da kumburi, domin kalmar tana rufe abubuwa da yawa. Abin da likitoci ke nufi shi ne martanin da jiki ke mayarwa idan aka ji masa rauni ko ƙwayar cuta ta shige shi, kuma tun ƙarni na farko marubucin nan na Rum mai suna Celsus ya lissafa alamominsa huɗu: ja, da tasawa, da zafi, da raɗaɗi. Wannan martani shi kansa wani ɓangare ne na warkewa, shi ne ke kawo jini da dakarun jiki wurin da aka samu ɓarna. Matsala tana zuwa ne idan ya wuce kima ko ya ƙi ƙarewa. Hannun Maman Aisha ya yi ja ne saboda sabulu ya wanke maiƙon da ke kare saman fata, ruwa yana ficewa, abubuwan da ke fusata fata suna shiga ta tsagar. Duk man da zai toshe wannan ɓaraka zai sa jan ya lafa, ko da ba ya ɗauke da wani sinadari na musamman. Saboda haka warkewarta ba ta isa ta nuna mana cewa man ƙwai ya fi basilin ba.

Maman Aisha:
Likita, na gode. Gaskiya ne kuma a waɗannan makonni biyun na rage wanki, saboda zafin da nake ji ya sa na bar wa wata take yi mini. Ban kawo wannan a lissafi ba sai yanzu da kika yi magana.

Usman:
Ina karatun harhaɗa magunguna ne, kuma ina so in tsaya a tsakiya, domin ina ganin Malam Habibu yana da hujjar da ta fi wadda ya kawo. Gwaiduwa kusan rabinta ruwa ne, kimanin kashi ɗaya cikin uku kuma maiƙo ne, saura yawanci furotin. A cikin maiƙon, kusan kashi biyu cikin uku mai ne irin wanda muka sani, kusan kashi 30 cikin 100 kuma wasu sinadarai ne da ake kira fosfolifid, sai kwalastarol wajen kashi 4 zuwa 5. Babba a cikin fosfolifid ɗin shi ne lesitin, wanda wani Bafaranshe mai suna Théodore Gobley ya fara tsamowa daga gwaiduwa a tsakiyar shekarun 1840, sunan ma daga kalmar Girkanci ta gwaiduwa aka samo shi. Kwalastarol yana cikin abubuwan da saman fatar mutum ke gina katangarsa da su, don haka ba abin mamaki ba ne mai irin wannan ya dace da busasshiyar fata. Akwai kuma bitamin A da D da E, da sinadaran da ke ba gwaiduwa launinta.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne labarin wani likitan Amurka, Alvin Coburn. A shekarun 1940 yana aiki da yaran talakawa a birnin Niyok waɗanda ke fama da zazzaɓin nan da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ya kama gaɓoɓi har ya lalata zuciya. Ya lura cewa yaran da ake ƙara wa garin gwaiduwa a abinci ba su cika samun dawowar cutar ba. Ya bi diddigin abin, a 1954 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa wani ɓangare na maiƙon gwaiduwa yana rage kumburin gaɓa a jikin ɓeran masar. A 1957 wani mai bincike mai suna Kuehl da abokan aikinsa suka ware sinadarin da ke wannan aiki, wanda yau ake taƙaita sunansa da PEA. Daga baya aka gano cewa jikinmu ma yana ƙera shi, kuma a 1993 Rita Levi-Montalcini, wadda ta taɓa samun kyautar Nobel, ta bayyana tare da abokan aikinta cewa yana lallashin ƙwayoyin jikin da ke sakin histamin, wato sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da tasawa. Ke nan maganar cewa akwai mai kwantar da kumburi a cikin gwaiduwa ba zance ne na baka kawai ba.

Malam Habibu:
Madalla da kai, Usman, Allah ya yi wa karatu albarka. To Likita, ga shi ɗanki ya kawo hujja daga ɗakin bincikenku. Zan ƙara da labarin Ambroise Paré, likitan sojan Faransa, wanda a 1537 yana jinyar sojoji a fagen yaƙi a yankin Turin na Italiya tafasasshen man da ake zuba wa raunin harsashi ya ƙare masa. Sai ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man wardi da tafentain (man ƙaron wata bishiya) ya shafa wa sauran sojojin, ya kwana cikin fargaba, da gari ya waye ya tarar waɗanda ya shafa wa haɗin sun yi barci, rauninsu bai kumbura ba, waɗanda aka zuba wa tafasasshen mai kuwa suna ta zazzaɓi da raɗaɗi. Me ake nema kuma bayan wannan?

Dakta Rabi:
Malam, ina son labarin Paré ƙwarai, har ina ba ɗalibai shi, amma a duba abin da aka kwatanta da me. An kwatanta haɗin gwaiduwa ne da zuba tafasasshen mai a cikin rauni. Ko da tsabtataccen ƙyalle kawai ya ɗaura musu, da sun fi waɗanda aka ƙona samun sauƙi. Babban abin da ya gano shi ne cewa ƙona rauni cutarwa ce, kuma gwaiduwa ya sa, ba man da aka fitar daga cikinta ba. Game da bayanin Usman, duk abin da ya faɗa daidai ne, sai dai akwai giɓi biyu. Yaran Coburn ci suka yi, ba shafawa ba, kuma yara ne da abinci bai wadace su ba, don haka ƙarin abinci mai gina jiki kaɗai zai iya taimakonsu. A yau da fenisilin ake hana wannan zazzaɓi dawowa, kuma babu likitan da zai maye gurbinsa da ƙwai. Na biyu, PEA ɗin da ke cikin gwaiduwa ɗan mitsitsi ne, wanda ake bai wa mutane a gwaje-gwaje kuwa ƙera shi ake yi a ba da ɗaruruwan miligiram a rana. Tsakanin wannan da cokalin baƙin man da aka tace daga kasko akwai tafiya mai nisa.

Usman:
Na yarda, Likita. Akwai ma wani abin da ya kamata in ambata tun farko. Gwaiduwa tana ɗauke da asid ɗin arakidonik, wanda daga gare shi ne jiki ke ƙera furostagilandin, sinadaran da ke hura wutar kumburi da raɗaɗi. Asfirin da ibufurofen hanyar ƙera su suke toshewa, kamar yadda masanin magunguna John Vane ya nuna game da asfirin a 1971. Ba ina cewa shafa man zai tayar da kumburi ba ne, ina nuna cewa gwaiduwa cakuɗe ce ta abubuwa masu yawa, ba a ɗauki guda ɗaya a yanke wa dukan man hukunci da shi. Bayan haka abin da kaza ta ci yana sauya irin maiƙon da ke cikin ƙwanta, shi ya sa kajin da ake ba ƙwayar wata shuka mai suna filas suke yin ƙwai mai yawan maiƙon da ake kira omega-3. Man da Maman Aisha ta fitar da wanda wani zai fitar ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Sa'adatu:
Don Allah a taimaka mini da amsa kai tsaye. An taɓa gwada shi kansa man, ba sinadaran cikinsa ba?

Dakta Rabi:
An gwada, 'yar'uwa, amma yawanci a jikin dabbobi. A 2011 masu bincike a Shiraz ta ƙasar Iran sun wallafa gwajin da suka yi wa ɓeraye masu ƙuna mai zurfi, inda suka kwatanta man gwaiduwa da man silba salfadayazin da ake shafa wa ƙuna a asibiti, suka ga raunin waɗanda aka shafa wa man gwaiduwa ya fi saurin haɗewa. A 2013 wasu a Iran ɗin suka ba da rahoton cewa man ya rage kumburi da raɗaɗi a ƙananan dabbobin gwaji. Wannan sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa kuma bai kamata a raina shi ba. Amma fatar ɓera sakwaf take a jikinsa, rauninsa yana rufewa ne galibi ta hanyar tsukewa, namu kuwa sai sabuwar fata ta tsiro ta rufe. Shi silba salfadayazin ɗin ma an san yana kashe ƙwayoyin cuta amma yana iya jinkirta haɗewar rauni, don haka fin sa sauri ba shi ne ƙarshen magana ba. Gwajin da aka yi a jikin mutane kaɗan ne ƙwarai, kuma magunguna da yawa sun yi abin a yaba a jikin ɓera suka zo jikin mutum suka kasa.

Hajiya Ladidi:
Tunda an zo maganar ƙuna, ba zan iya yin shiru ba. Shekara uku ke nan jikana mai shekara biyu ya jawo kofin ruwan zafi ya zube masa a dantse. Ina ɗaki na ji ihu, kafin in fito wata maƙwabciya da ta zo taimako ta riga ta ɗebo irin wannan man a kwalba ta lafta masa, da kyakkyawar niyya, ta ce kada a sa ruwa wai zai tashi bororo. Muka bi maganarta. Kwana uku wurin ya fara ruwa yana wari, yaron ya ɗauki zazzaɓi ya daina cin abinci. Da muka kai shi asibiti sai da aka kankare baƙin man nan daga kan ɗanyen nama kafin a ga zurfin ƙunar, kuma kukan da ya yi a ranar har yau yana kunnena. Ya warke, alhamdu lillahi, amma tabon yana nan daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Malam Habibu, ina girmama iliminka, amma ina roƙonka idan kana lissafa amfanin man nan ka riƙa cire sabuwar ƙuna a ciki, domin mai karatu ba ya tsayawa ya bambance.

Malam Habibu:
Hajiya, Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya sa kaffara ce. Kin yi gaskiya kuma na karɓi gyara. Na ambaci ƙuna ne a matsayin abin da ke rubuce a littattafan mutanen Sin, amma ni kaina ban taɓa cewa a shafa wa ƙunar da ke da zafinta ba, kuma kuskurena ne da ban fayyace ba. Abin da nake karewa shi ne amfaninsa ga faso da kaushi da bushewar fata, da wurin da ya riga ya haɗe yana ƙaiƙayi. A nan kam ina nan a kan bakana.

Dakta Rabi:
A nan ba mu da saɓani, Malam. Ga sabuwar ƙuna, abin yi shi ne a tara wurin a ruwan famfo mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya tasa, a rufe da abu mai tsabta, kuma idan yaro ne, ko ƙunar tana fuska ko hannu ko al'aura, ko tana da faɗi, a nufi asibiti. Mai kowane iri yana riƙe zafi a cikin nama. Haka kuma duk kumburin da ke tafe da mugunya ko zazzaɓi ko jan da ke yaɗuwa alama ce ta ƙwayar cuta, shafa mai a kai ɓata lokaci ne. Masu ciwon suga su kula da wannan sosai game da raunin ƙafa.

Yanzu in dawo kan 'yarki, Maman Aisha, wadda ita ce ta fi damuna. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ekzima, kuma jarirai masu wannan larura su ne suka fi kowa haɗarin jikinsu ya ƙi ƙwai, domin ƙwai yana sahun gaba a abincin da ke tayar wa yara borin jini. Man da aka fitar a gida ba ya rasa ragowar furotin ɗin ƙwai. Idan furotin ɗin abinci ya shiga ta tsagaggiyar fata kafin yaro ya saba da shi ta baki, jiki yana iya ɗaukarsa a matsayin maƙiyi. A 2003 Gideon Lack da abokan aikinsa a Ingila sun nuna alaƙa tsakanin shafa wa jarirai man shafawa mai ɗauke da man gyaɗa da kamuwarsu da ƙin gyaɗa daga baya. Ina tsoron irin wannan ga ƙwai. Ki kai ta a duba fatar, ki riƙa shafa mata mai marar turare sau da yawa a rana, ki rage mata sabulu, kuma ki tambayi likitan lokacin da ya dace ki fara ba ta dafaffen ƙwai ta ci.

Baban Khalid:
Mahaifina yana fama da ciwon gwiwa, an ce masa ya riƙa shan rabin cokali na man nan da safe. Tunda Malam ya ce ana haɗiyarsa a Japan, ko ya halatta ya gwada?

Usman:
Baban Khalid, ni ba zan ba shi wannan shawara ba, musamman baƙin man da aka ƙona. Zafi mai tsanani tare da iska yana sauya kwalastarol zuwa wasu sinadarai da ake dangantawa da lalacewar jijiyoyin jini, yana kuma lalata bitamin ɗin da ake nema, ga kuma abubuwan da ƙonewa kanta ke haifarwa. Duk abin kirkin da ke cikin man yana nan a cikin dafaffen ƙwai, ba tare da an ƙona shi ba. Ciwon gwiwar tsofaffi kuma yawanci zaizayewar guringuntsi ne, ya fi buƙatar a duba shi a san irinsa, domin maganin wani iri ba ya yi wa wani.

Maman Aisha:
Na gode muku duka. Na fasa shafa wa yarinyar, na kai ta an duba, kuma ekzima ce kamar yadda Likita ta yi zato, an ba mu man shafawa kuma kumatun sun fara laushi. Ni kuwa da na koma wanki hannuwana suka sake tsagewa, sai na yi amfani da damar na gwada abin da muka yi ta muhawara a kai: kwana goma ina shafa man ƙwai a hannun dama, basilin a hagu, ina sa safar roba in zan taɓa sabulu. Duka biyun sun haɗe kusan lokaci ɗaya. Na dama ya fi laushi a taɓawa kuma man ya fi saurin shiga fata, amma yana da ƙauri, ya kuma ɓata mini zanen gado. Malam Habibu, akwai hanyar fitar da shi ba tare da ya yi baƙi haka ba?

Malam Habibu:
Akwai, kuma ita ce hanyar da masu harhaɗa magunguna na da suke bi. Ki marmashe dafaffiyar gwaiduwar ki ɗora a wuta mai rauni ƙwarai kina juyawa har ruwanta ya ƙafe, ki sauke da zarar ta yi ja-ja kuma kin ga maiƙo yana fitowa idan kin murza kaɗan tsakanin yatsu, tun kafin hayaƙi ya tashi. Ki juye ta da zafinta a ƙyalle mai kauri, ki ƙulle ki matse da ƙarfi tsakanin faranti biyu da kika ɗumama. Man zai fito ja mai haske, bai kai na ƙonawa yawa ba, amma ba shi da wannan ƙaurin. Ki zuba a ƙaramar kwalba busasshiya mai murfi, ki ajiye a firji, ki yi kaɗan-kaɗan yadda zai ƙare cikin 'yan makonni, kuma ranar da kika ji warinsa ya sauya ki zubar ki sake sabo.